Letov Š-328 a ma'aunin 1/72: sabon kwalin Special Hobby ko tsohon na KP?

Duk mai neman ya haɗa ƙaramin samfurin jirgin sama na yaƙi Letov Š-328 na roba, kwalaye biyu ne zai yi ta cin karo da su a shagunan intanet, kuma dukansu daga ƙasar Cek suka fito, inda aka ƙera jirgin na gaske. Ɗaya tsoho ne, na kamfanin Kovozávody Prostějov da aka fi sani da KP, wanda mazubinsa ya samo asali tun shekarun 1970. Ɗayan na kamfanin Special Hobby ne da ke birnin Prag, ya shigo kasuwa a tsakiyar shekarun 2010. Ma'auninsu ɗaya, wato 1/72, ma'ana an rage girman jirgin gaske sau 72. Faɗin fukafukan jirgin gaske mita 13.7 ne, saboda haka samfurin zai ba ka santimita 19 daga wannan baki zuwa wancan. Tsawonsa kuwa ya ɗan haura mita 10, a kan tebur kusan santimita 14 da rabi ke nan. Idan ka ɗora ruler a kan abin da ka haɗa ka ga ya yi nisa da waɗannan lambobi, to akwai inda aka kuskure.

Hukuncin a taƙaice shi ne, na Special Hobby ya fi kyau ta kowace fuska in ban da farashi da sauƙin haɗi. Amma babu ɗaya a cikinsu da ya dace da wanda bai taɓa haɗa jirgi ba. Fukafukan jirgin nan hawa biyu ne, na sama yana zaune a kan siraran matokarai, ga wayoyi da suka sarƙe tsakaninsu, kuma a nan ne yawancin mutane ke ajiye aikin su koma wani.

Kafin a buɗe kwali

Sanin tarihin jirgin yana da amfani a nan, domin shi zai gaya maka wane kwali za ka saya da wane fenti za ka tanada. Injiniya Alois Šmolík na masana'antar Letov ne ya tsara dangin jiragen nan. Na farko, Š-28, ya tashi a 1929. Daga shi aka samu Š-128, sai Š-228 da aka sayar wa Estoniya guda huɗu. Shi Š-328 da farko don Finlan aka shirya shi, cinikin bai faɗa ba, sai rundunar saman Cekoslobakiya ta karɓe shi ya zama babban jirginta na leƙen asiri da jefa ƙananan bama-bamai. An ƙera fiye da 400, kuma aikin ƙirar bai tsaya ba ko bayan da Jamus ta mamaye ƙasar a watan Maris na 1939, ya ci gaba har 1940.

Mutum biyu yake ɗauka, matuƙi a gaba, mai leƙe a baya, wanda shi ne kuma maharbi da mai ɗaukar hoto. Injinsa Walter Pegasus ne, wato Bristol Pegasus na Ingila da aka ba kamfanin Walter lasisin ƙerawa, mai silinda tara da suka yi da'ira a bayan farfela. Gudunsa bai wuce kilomita 280 a awa ba, yana ɗaukar bama-bamai har kilo 500, yana da bindigogi masu sarrafa kansu na milimita 7.92, biyu suna kallon gaba, biyu a hannun na baya. Ƙashin jikinsa ƙarfe ne, aka lulluɓe yawancinsa da kyalle aka shafe da fenti. Wannan batu na kyalle ka riƙe shi, shi ne abin da za a fara dubawa a jikin robar.

Bayan rushewar Cekoslobakiya jirgin ya watsu hannuwa da yawa. Sulobakiya ta yi yaƙi da shi da Hangari a Maris na 1939, ta shiga da shi Folan a Satumbar shekarar, sannan fagen gabas na Yaƙin Duniya na Biyu, inda aka gwabza da Tarayyar Sobiyet, daga 1941. Jamusawa sun koyar da matuƙa da shi, daga baya suka riƙa tura shi kai harin dare a fagen gabas. Bulgeriya ta sayi 62 daga hannun Jamus, ta raɗa masa suna Vrana, wato hankaka, ta sa shi sintiri a gaɓar Baƙin Teku. A boren Sulobakiya da ya ɓarke ranar 29 ga Agusta 1944, 'yan boren sun tashi da shi daga filin Tri Duby, har aka ruwaito cewa ranar 7 ga Satumba ɗaya daga cikinsu ya harbo jirgin Focke-Wulf Fw 189 na Jamus. Kowane ɗaya daga waɗannan yana da nasa launi da nasa tambari, shi ya sa Special Hobby ta fitar da robar a kwalaye daban-daban, kowanne da tambarin da ya dace da zamaninsa. Ka karanta abin da aka rubuta a murfin kafin ka biya. Wanda ya sayi kwalin boren 1944 yana neman tambarin rundunar 1938 zai sake sayen takardar tambari daban.

Akwai kuma wani nau'i mai ban mamaki. Cekoslobakiya ba ta da teku, amma ta mallaki Š-328 guda huɗu masu sauka a ruwa. Dalili kuwa, masu harbo jirage na ƙasar suna zuwa atisaye a mashigin Kotor da ke Yugoslabiya ta wancan lokaci, su kuma jiragen nan suna jan abin da ake auna harbi a kansa a saman ruwa. Special Hobby ta ware wa wannan nau'i kwalinsa. Tsohon KP kuwa ya haɗa tayoyi da kwale-kwalen sauka a ruwa a kwali guda, ka zaɓi wanda ka ga dama, kuma wannan na daga cikin abubuwan da suka sa har yau ake nemansa.

Abin da ke cikin kwalayen

A kwalin Special Hobby za ka tarar da firam-firam na roba launin toka, waɗanda yankunan jirgin ke maƙale a jikinsu, da ƙarami guda na roba garai-garai don gilasai, da takardar tambari, da ɗan littafin umarni mai launi. Lambobin fentin da ke cikinsa na kamfanin Gunze ne, don haka mai amfani da Tamiya ko Vallejo ko Humbrol sai ya nemi kwatankwacinsu. Layukan da ke raba faifan ƙarfe a gaban jirgin an tona su ciki, kuma alamar haƙarƙarin fiffike a ƙarƙashin kyalle ta fito a hankali, ba ta yi tudu da kwari ba. Cikin mazaunin matuƙi da na mai leƙe akwai abin kallo sosai, kuma hakan na da muhimmanci saboda jirgin ba shi da murfi, duk wanda ya sunkuya zai ga ciki.

Sai dai kamfanin na cikin masu buga kwalaye kaɗan-kaɗan, kuma irin wannan bugu yana da halinsa. Inda ƙaramin yanki ya haɗu da firam yakan yi kauri, ramukan da ake zaunar da matokarai sukan zama marasa zurfi, kuma ba kowane yanki ne zai faɗa wurinsa da kansa ba kamar yadda aka saba a kwalayen Tamiya. Kowane abu sai an gwada shi ba gam, an goge, an sake gwadawa.

Na KP ɗan zamaninsa ne. Yankunan ba su da yawa, layukan jiki a tashe suke maimakon a tone, cikin mazaunin kusan wayam, matokarai da bindigogi sun yi kauri. Mazubin ya daɗe yana aiki, an ci gaba da buga shi a ƙarƙashin sunan Kopro, kuma bugun baya-baya ya fi na farko yawan ɓawon roba da ke tsatsowa a gefen yankuna. Idan za ka saya a hannun wani, nemi ya turo hoton firam ɗin da na takardar tambari, kada ka tsaya a hoton murfi. Duk da haka siffar jirgin ta fito, daga nesa kowa ya gani ya san Š-328 ne. A matsayin abin koyon ɗora fiffike da jan waya, ba ka da asara idan ya lalace.

Matakin farko ɗaya ne ga duka biyun. A wanke firam ɗin da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke kwano, a bar shi ya bushe da kansa, saboda akwai maiƙon da ake shafa wa mazubi, kuma fenti ba ya kama shi. Sannan a ɗora kowane fiffike a kan gilashi a duba ko ya lanƙwashe. Wannan ya fi faruwa da tsofaffin kwalaye da suka sha zafi a ajiya. Maganinsa ruwan zafi kimanin digiri 70, ba tafasasshe ba, a tsoma na rabin minti, a manne shi a kan gilashin da tef, a zuba masa ruwan sanyi. Tafasasshen ruwa zai nannaɗe bakin fiffiken, kuma ba ya gyaruwa.

Ciki, gangar jiki da inji

Siraran yankuna kada a yanke su da almakashin yankan firam, matsin bakinsa yana karya su a tsakiya. A yi amfani da ƙaramin zarto na reza, ko sabuwar wuƙar aiki a kan katako, a yanka nesa kaɗan da yankin sannan a goge ragowar da sanfefa mai lamba 600. Wannan ya shafi matokarai, ƙafafun taya, bindigogi da maratayan bom.

A fente cikin kafin a rufe. Abin da ke yawan hana ɓari biyu na gangar jiki haɗuwa shi ne faɗin daɓen mazauni ko na allon agogunan matuƙi. Rabin milimita ya isa ya bar tsaga a saman jirgin tun daga gaba har baya. Kada a matse da ƙarfi a ce gam zai riƙe. Idan aka yi haka jikin zai buɗe a ƙasa, kuma fiffiken ƙasa ba zai zauna daidai ba. A goge gefen daɓen kaɗan-kaɗan har ɓarin biyu su haɗu ba tare da an danna ba. Daga nan a riƙe su, a ɗiga gam mai ruwa irin Tamiya Extra Thin a bakin tsagar ya bi ta da kansa, santimita biyu-biyu, ana duba cewa gefe ɗaya bai hau kan ɗaya ba. A bar shi kwana guda kafin a goge. Gam ɗin narkar da roba yake yi, kuma idan aka goge da wuri, bayan mako guda layin haɗin zai sake bayyana a ƙarƙashin fenti saboda robar ta ci gaba da shanyewa.

Wajen goge layin haɗi a yi hattara da zanen kyalle. A manna tef a kowane gefe, a bar milimita biyu kawai a fili, a bi da 400, sai 600, sai 1000 da ɗan ruwa. A na KP, inda layukan suke a tashe, duk wanda sanfefa ta cinye sai dai a sake tona shi da allura.

Gilasai kuma ba a kusantar su da sufa gulu. Tururinsa yana barin farin hazo a cikin robar garai-garai, kuma idan jikin ya riga ya rufu ba hanyar gogewa. Farin gam na kafintoci ya wadatar, yana bushewa ba launi.

Injin Pegasus a fili yake, siririn zobe ne kawai ya kewaye kawunan silindojin, don haka ya cancanci a ɓata masa lokaci. A shafe shi da baƙi, a sami busasshen burushi da ɗan fentin azurfa a shafa sama-sama don tsagin silinda ya fito. Bututun hayaƙi ruwan ƙasa mai duhu da ɗan ja, kamar ƙarfen da ya sha wuta. Matsalar da ake samu ita ce zoben ya ƙi shiga kan injin. A rage kan silindojin daidai wa daida, duka tara, ba guda biyu ko uku ba, in ba haka ba injin zai zauna a karkace kuma farfela za ta tona asirin. A na KP injin ya fi kowane yanki nuna tsufa, wanda ya samu injin Pegasus na wani kwali a ma'auni ɗaya gara ya musanya.

Fiffiken sama

A nan gizo ke saƙar. Fiffiken sama ya ɗan tsere wa na ƙasa zuwa gaba, yana zaune a kan matokarai na tsakiya da ke fitowa daga gangar jiki, da kuma na waje da ke tsakanin fukafukan biyu. Dole abu uku su daidaita a lokaci guda: tazarar da ke tsakanin fukafukan, yawan tserewar na sama, da kuma kasancewar su biyun a layi ɗaya idan an leƙo daga sama. Kuskuren milimita ɗaya a tsawon matokari guda ya isa ya sa jirgin ya zama kamar rumfar kasuwa da iska ta tura.

Tun kafin fenti ake shirya wa wannan mataki. A zurfafa kowane ramin matokari da abin huda na hannu mai kaurin milimita 0.5, a kula kada a fasa ta ɗaya gefen. Wanda hannunsa ya faɗa zai iya huda ƙarshen matokarin da 0.3 ya cusa guntun wayar tagulla, ya bar milimita ɗaya a waje ta zama ƙusa. Aiki ne mai cin rai, amma shi ne bambancin fiffiken da zai jure jan waya da wanda zai ɓalle a hannu. Haka ma fiffiken ƙasa da na jela, idan haɗinsu da jiki fuska da fuska ne kawai, a sa musu waya mai kaurin 0.5 guda biyu.

Sai ramukan wayoyi. A fiffiken sama a yi su daga ƙasa da 0.3, rabin zurfi, kada su ɓulla. A fiffiken ƙasa kuwa a huda har su fita. Hoton murfin kwali da tsofaffin hotunan jirgin su ne za su nuna inda kowace waya ta tashi da inda ta sauka.

Ana fente jiki da fukafukai daban-daban, a manna tambari, sannan a ɗora na sama. Wanda ya ɗora kafin fenti ba zai iya kai burushi ko feshi tsakanin fukafukan ba. Bayan fenti a kankare ramukan da bakin allura, domin gam ba ya kama fenti, roba yake kamawa. Yawancin fukafukan da ke faɗuwa bayan an gama, wannan ne sanadinsu.

Wajen ɗorawa a yanka kwali mai kauri guda biyu, a yi wa kowanne tsaga biyu daidai da tazara da tserewar fukafukan kamar yadda zanen gefe ya nuna, a zura ɗaya a dama ɗaya a hagu. Su za su riƙe fiffiken sama a wurinsa alhali hannuwanka biyu suna sake. A fara da matokaran waje, da gam mai kauri irin Revell Contacta wanda ke ba da 'yan mintuna ana gyara zama. A leƙa daga sama, daga gaba, daga kowane gefe. Idan komai ya daidaita a bar shi ya kwana. Washegari a zura na tsakiya da hantsaki. Idan ɗaya ya yi tsawo a rage shi, kada a tura shi da ƙarfi, zai ɗaga tsakiyar fiffiken ya ɓalle na waje. Idan ya gaza kuma, ɗigon sufa gulu mai kauri zai cike gurbin. Wasu sun fi son farawa da na tsakiya, kuma hakan na aiki a kwalin da ramukansa suke da zurfi. A waɗannan biyun, farawa daga waje ya fi aminci, saboda matokaran waje su ido ke fara gani.

Wayoyin

Zaren fatsa na kamun kifi mai kaurin milimita 0.1 shi ne daidai. Lissafin a fili yake: 0.1 sau 72 ya ba da milimita 7 a jirgin gaske. Wanda ya sa 0.2 ya ɗaura wa jirginsa waya mai kaurin milimita 14, kuma ido zai gane ta yi yawa ko bai yi lissafi ba. A ja zaren ta bakin alƙalamin maka baƙi ko na azurfa ya ɗauki launi. Akwai zare mai talewa irin EZ Line da aka yi don wannan aiki, ya fi sauƙin sa wa, amma ba ya ƙara wa jirgin ƙarfi. Zaren fatsa kuwa yana ɗaure fukafukan da gaske kamar yadda wayar ƙarfe ke yi a jirgin asali.

A tsoma bakin zaren a sufa gulu, a cusa a ramin fiffiken sama, a jira ya kama. Ya fi sauƙi a yi wannan tun fiffiken bai hau ba, a naɗe zarurrukan da tef. Bayan ya hau, a zura ɗaya bakin ta ramin fiffiken ƙasa, a maƙala masa abin shanya kaya guda ɗaya ya ja shi da nauyinsa, a ɗiga gam a ramin da bakin allura. Ana yi ana musanyawa, waya ɗaya a dama, takwararta a hagu. Idan aka gama gefe guda kafin a taɓa ɗayan, jan zai murɗe fukafukan. Bayan gam ya bushe a yanke ragowar da sabuwar reza, a cike ramin, a goge, a taɓa da fenti. Saboda wannan ne ake jinkirta tambarin ƙasan fiffike har sai an gama, wani lokaci ma shi zai rufe tabon.

Wayar da ta yi sako-sako ba sai an cire ta ba. A kunna turaren tsinke, a kusantar da bakinsa kimanin santimita ɗaya ko biyu a ƙarƙashin zaren, zafin zai sa ya tsuke nan take. Da zarar ya miƙe a janye hannu. Daƙiƙa ɗaya ta ƙari, zaren ya tsinke ko matokari ya narke.

Fenti da tambari

Jiragen rundunar Cekoslobakiya launinsu mai sauƙi ne: kakin soja mai ɗan kore a sama da gefe, azurfa a ƙasa. A fara da azurfar, a bar ta ta bushe sosai, a rufe da tef, a fesa kakin. Azurfa ba ta ɓoye komai, duk ƙarcen sanfefa zai fito, don haka a shafa fentin share fage launin toka tukuna a duba a hasken rana. Ga mai injin feshi, fentin Tamiya ko Gunze kashi ɗaya da tinarsa kashi ɗaya, iska kimanin 15 zuwa 18 a ma'aunin psi, shafi uku marasa kauri. Mai burushi ma zai iya, muddin ya tsinka fentin ya yi shafi uku ko huɗu, yana barin kowanne ya bushe.

Abu biyu ga mai aiki a ƙasa mai zafi. Fentin ruwa yakan bushe a iska kafin ya isa jikin robar, sai fuskar ta yi gautsi kamar yashi. A matso da bakin feshin, a ƙara ɗigon maganin jinkirta bushewa, a yi aikin da sassafe. Lokacin hunturu kuma a kifa roba ko kwali a kan samfurin da zarar an gama feshi, don ƙura. Tinar masu fentin mota kuwa kada ta taɓa robar kai tsaye, cinye ta take yi.

Masu son launin fagen gabas, inda ake sa rawaya a kewayen jiki da bakin fukafukai, su fara shafa fari a wurin. Rawaya a kan kaki ba ta rufewa, sai dai ta koma kore mai datti komai yawan shafin.

Tambarin Cekoslobakiya da'ira ce da aka raba uku, fari da ja da shuɗi, kuma nan ne ake yawan yin kuskuren da masana ke ganewa da kallo ɗaya. Na dama da na hagu ba ɗaya ba ne. A kan fiffike shuɗin yana kallon gaba, jan yana wajen gangar jiki, farin yana wajen bakin fiffike. A jela kuwa shuɗin gaba, farin sama, jan ƙasa. A jera su duka a kan tebur a tantance kafin a jiƙa ko ɗaya. A gefen jiki akwai alamar runduna: zaki ga ta ɗaya da ke Prag, gaggafar Morabiya ga ta biyu da ke Olomouc, gicciye mai hannu biyu ga ta uku da ke Sulobakiya, tare da harafi da lamba. Kada a haɗa alamar wata runduna da harafin wata.

Tambari yana son fuska mai sheƙi. A kan fenti marar sheƙi iska takan maƙale a ƙarƙashinsa, gefensa ya yi fari-fari. Don haka a fesa ruwan sheƙi, a manna, a sa maganin laushi irin Micro Sol don ya kwanta a kan haƙarƙarin fiffike, a sake rufewa da mai ɗan dishi-dishi. Idan ya yamutse bayan an sa maganin kada a taɓa shi, zai miƙe da kansa in ya bushe. Na Special Hobby sirara ne, suna saurin naɗewa, saboda haka a zame su daga takarda kai tsaye zuwa jikin jirgin a kan ɗigon ruwa, kada a ɗaga su da hantsaki.

Na tsohon KP sai an yi musu gwaji. A yanko wanda ba a buƙata a jefa a ruwa mai ɗumi. Idan ya farfashe, a shafe sauran takardar da ruwan sheƙi shafi biyu, a yanka kowane tambari daf da gefensa. Idan takardar ta yi rawaya don tsufa, a sa ta a leda a manna a jikin gilashin taga inda rana ke bugu na wasu kwanaki, launin zai washe. Wani lokaci kuma launukan ba su hau kan juna daidai ba tun daga bugu, wannan ba shi da magani sai sayen wata takarda.

Ƙafafun taya su ne na ƙarshe da ke ba da wahala. Sirara ne, kuma samfurin yana da ɗan nauyi. A manna su da gam mai jinkiri, a kifa jirgin a bayansa a kan abin da ba zai taɓa wayoyi ba, a auna daga bakin kowane fiffike zuwa tebur bayan an miƙar da shi. Idan bambancin dama da hagu ya kai milimita ɗaya, a goge ƙasan tayar da ta fi tsawo. Bindigogin baya, farfela da bama-bamai a bar su sai an gama komai, su ne hannu ke fara karyawa.

Wanda ya taɓa haɗa jirage uku ko huɗu masu fiffike ɗaya, kuma yana son Š-328 da zai ajiye a kabad ɗin gilashi, ya sayi na Special Hobby, ya zaɓi kwalin da tambarinsa ya yi masa. Wanda bai taɓa ɗora fiffiken sama ba, ya nemi na KP ko Kopro mai araha ya fara koyon hudawa da jan waya a kansa, ya gina shi da kwale-kwalen ruwa don kada ya zama maimaici idan ya zo haɗa sabon. Kuma duk wanda za a aiko wa daga waje, ya roƙi mai sayarwa ya sa kwalin cikin wani kwali mai tauri, domin firam ɗin matokarai ba ya jure a danne shi a buhun aika saƙo.